Rauni ya warke amma ciwo ya ƙi tafiya: ƙwayoyin garkuwa na cikin laka ne ke riƙe shi?

Abu Fiziyo:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai gardamar da muka fara a wurin aiki ba mu ƙarasa ba, na ce bari in kawo ta nan tunda akwai manya. Duk wanda ya zauna a sashen gashin ƙashi ya san irin waɗannan marasa lafiya: wanda ya faɗi a babur jijiyoyin kafaɗarsa suka fizge, yaron da aka yi wa allura a ɗuwawu aka soki babbar jijiyar ƙafa, wanda aka yanke wa ƙafa. Rauni ya rufe, hoto bai nuna wani sabon abu ba, amma mutum yana ce maka hannun yana ƙuna, yana fizgarsa kamar shokin, ko riga ta goge shi sai ya saki ƙara. Abokin aikina ya ce wai bincike ya nuna wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ke zaune cikin laka su ne ke riƙe wannan ciwon. Na ce masa in dai maganar garkuwa da kumburi ce, me ya hana diklofenak ya yi musu aiki? Kowa ya san yadda suke shan sa, har sai gyambon ciki ya kama su, ƙunar tana nan.

Sista Uwani:
Wa alaikumus salam. Wannan na rigar shi ne ya fi ba ni tausayi. 'Yan uwa sai su ɗauka raki ne, wasu ma su ce iska ce. Mutum ka matsa masa hannu da ƙarfi ya daure, amma iskar fanka ta sa shi hawaye.

Ɗan Aji Huɗu:
Yaya Abu, sunan ƙwayoyin maikurogiliya. Wani masani ɗan Sifen, Pío del Río-Hortega, shi ya fara bayyana su a 1919 bayan ya ƙirƙiro wata hanyar rina naman ƙwaƙwalwa da sinadarin azurfa. Su ne masu gadi da shara a ƙwaƙwalwa da laka, suna cinye matattun ƙwayoyi da tarkace. Abin da ya ba ni mamaki da muka karanta su, asalinsu daban ne da sauran ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Tun ɗan tayi yana ƙanƙani suke shiga ciki daga jakar da ke ciyar da shi a farkon ciki, kuma a can suke hayayyafa da kansu har mutum ya tsufa. An tabbatar da hakan a ɓeraye a 2010. Amma maganar ciwo kam sai Dakta Hajjo ta zo, fanninta ne.

Dakta Hajjo:
Ga ni, ɗana. Malam Abu, abokin aikinka bai yi ƙarya ba, sai dai ya taƙaita. Bari in ɗan ja zancen, ku yi haƙuri da tsawonsa.

Duk saƙon da ya taso daga fata, na taɓawa ne ko na zafi, sai ya fara sauka a ɓangaren baya na laka kafin ya haura ƙwaƙwalwa. A nan akwai ƙananan ƙwayoyin jijiya masu aikin dannewa. Suna sakin sinadarin GABA da gilaisin, su hana saƙon shafa ya bi hanyar saƙon zafi. Tun 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka kawo ra'ayin cewa akwai wata ƙofa a laka da ke tace saƙon ciwo. Wannan dannewar tana aiki ne saboda gishirin kulorayid da ke cikin ƙwayar jijiya kaɗan ne, akwai wani famfo a jikin ƙwayar mai suna KCC2 da ke kwashe shi waje kullum. Idan GABA ya buɗe ƙofa sai kulorayid ya kwarara ciki, ƙwayar ta lafa.

To idan jijiya ta yanke ko ta murɗe can a ƙafa, ƙwayoyin da suka ji rauni suna fara ƙera wani sinadari, CSF1, su tura shi zuwa laka. Ayarin Allan Basbaum na Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco ne suka nuna wannan a 2016. Cikin 'yan kwanaki sai maikurogiliya na daidai wurin da jijiyar ke shiga laka su ninka yawansu, su janye siraran rassansu, su kumbura. Idan aka yanka lakar ɓera aka rina, da ido za ka gane ɓarin da aka ji wa rauni.

A 2003 Makoto Tsuda da Kazuhide Inoue a Japan, tare da Michael Salter na Toronto, suka gano cewa waɗannan ƙwayoyi da suka farka suna cika jikinsu da wata makarɓa, wato wurin karɓar saƙo a jikin ƙwaya, mai suna P2X4, wadda sinadarin ATP ke kunnawa. Da suka toshe ta, ɓerayen suka daina janye ƙafa don an ɗan taɓa su. Gwajin da ya fi girgiza mutane shi ne na biyu: suka raini maikurogiliya a faranti, suka zuba musu ATP, suka yi allurarsu a lakar ɓera lafiyayye wanda ko ƙwarzane babu a jijiyarsa. Shi ma ya kamu da jin zafin taɓawa.

Bayan shekara biyu, 2005, ɗakin binciken Yves De Koninck na Jami'ar Laval a Kanada ya kawo ragowar labarin. Maikurogiliya suna sakin wani sinadari mai suna BDNF, shi kuma ya sa famfon KCC2 ya ragu, kulorayid ya taru a cikin ƙwayar jijiya. Yanzu idan GABA ya buɗe ƙofa, dannewar ba ta da ƙarfi, a wasu ƙwayoyin ma tayar da su take yi. Birki ya koma totur ke nan. Shi ya sa shafar riga take isa ƙwaƙwalwa a matsayin ƙuna.

Diklofenak da ibuburofen aikinsu shi ne hana ƙera furostagilandin, sinadarin da ke sa wuri ya kumbura ya yi zogi idan ka gurɗe ko haƙori ya ruɓe. A duk jerin da na lissafa ba ka ji sunansa ba. Ga amsar tambayarka.

Abu Fiziyo:
Allah ya ƙara sani, Dakta. Wato ciwon na gaske ne, wurin tace saƙon ne ya lalace.

Likita Baffa:
Ranki ya daɗe, bayani ya yi kyau, kuma ban musa ko ɗaya daga cikin gwaje-gwajen ba. Amma a bar ni in zama mai ɓata biki. Daga 2003 zuwa yau an haura shekara 20. Wane magani guda ɗaya ne ya fito daga wannan hanyar wanda zan rubuta wa mara lafiya gobe? Babu. Har yanzu amitiriftilin muke rubutawa, maganin da ya girmi yawancin 'yan zauren nan, sai gabafentin da firegabalin da dulokzetin.

Na biyu, duk abin da kika faɗa a ɓera aka gani. Kuma me ake aunawa a ɓeran? Ana ɗaure masa jijiyar cinya da zare, irin yadda Bennett da Xie suka tsara a 1988, ko a yanke wani reshe nata, sannan a riƙa tsikarar tafin ƙafarsa da siririn gashin roba a ga lokacin da zai janye. Mara lafiyata ba wannan ne babban kukansa ba. Kukansa shi ne ƙarfe biyun dare yana kwance babu abin da ya taɓa shi, ƙafa tana ci da wuta. Ɓera ba zai gaya maka wannan ba.

Ɗan Aji Huɗu:
Amma Likita, ai minosaikilin, wani maganin ƙwayoyin cuta, yana kwantar da maikurogiliya, kuma maganin da ake da shi ne a kasuwa.

Likita Baffa:
Madalla da ka kawo shi, ƙanena. Koma ka duba aikin da ɗakin binciken Joyce DeLeo ya fitar a 2003. Idan aka ba ɓera minosaikilin kafin a ji wa jijiyar rauni, ciwon yana raguwa. Idan aka bari sai ciwon ya zauna sannan aka ba shi, ba ya kawar da shi. Yanzu ka faɗa min, wane ne yake zuwa asibiti kafin ya faɗi a babur? Namu ma sai sun zaga wurin mai ɗori, an ɗaure hannun tamau da karare, an kwance, an sake ɗaurewa, sannan bayan watanni a kawo mana.

Dakta Hajjo:
Maganar lokaci gaskiya ce, Likita, kuma masu binciken da kansu suka fito da ita. Tashin maikurogiliya ya fi ƙarfi a makon farko zuwa na biyu, daga nan ya fara lafawa. Waɗanda ke karɓar aikin daga baya su ne astirosayit, wasu ƙwayoyin masu siffar tauraro da ke kewaye da mahaɗar jijiyoyi, kuma nasu tashin yana daɗewa. Ru-Rong Ji da abokan aikinsa sun nuna wannan jerin a 2005: jijiya ta fara, maikurogiliya su biyo, astirosayit su ɗora. Saboda haka ni a ganina maikurogiliya sun fi ƙarfi wajen kunna abin, riƙe shi na watanni kuma aikin hannu da yawa ne.

Amma rashin magani ba ya rushe bayanin. Shekara nawa aka yi da sanin yadda sikila take a matakin ƙwayar halitta kafin a samu abin da ya taɓa tushenta? Tun 1949 Linus Pauling ya nuna matsalar a himogulobin take.

Likita Baffa:
Sikila a jinin mutum aka gani. Wannan fa?

Dakta Hajjo:
Akwai abin da aka gani a mutum, ko da bai kai na ɓera yawa ba. A 2015 Marco Loggia da ayarinsa a Boston sun yi wa masu daɗaɗɗen ciwon baya hoton PET da wani sinadari mai manne wa furotin TSPO, wanda ke ƙaruwa idan waɗannan ƙwayoyin sun tashi. Sun ga alamar ta fi yawa a ƙwaƙwalwar masu ciwon, musamman a talamus, mahaɗar da saƙon jiki ke bi.

Likita Baffa:
TSPO ɗin da astirosayit ma suna da shi, ƙwayoyin bangon jijiyar jini ma suna da shi. Hoton ba ya gaya miki wace ƙwaya ce ta haska. Kuma tunda an zo maganar mutum, a 2012 an duba lakar mutanen da suka rasu da cutar ƙanjamau, aka kwatanta masu ciwon jijiya da marasa shi. Alamomin astirosayit ne suka ƙaru a masu ciwon. Na maikurogiliya ba su nuna bambanci ba.

Dakta Hajjo:
Wanda kuma ya dace da abin da na ce game da lokaci. Mutanen da suka shekara da ciwo ne.

Famasis Ɗanlami:
Ku bari in shigo ta inda abin ya shafe ni. Duk wannan muhawarar, abin da mutanenmu ke yi idan ƙunar ta ishe su shi ne su nemi tiramol. Daga ɗaya a koma biyu, daga na asibiti a koma na bayan fage mai miligiram 225. Kuma a nan maikurogiliya sun sake fitowa. A 2016 Peter Grace da Linda Watkins na Jami'ar Colorado sun ji wa ɓeraye maza rauni a jijiya, bayan kwana 10 suka ba su mofin, maganin kashe zafi mai ƙarfi, na kwana 5 kacal. Waɗanda suka sha mofin ɗin, tsawon lokacin ciwonsu ya ninka na waɗanda ba su sha ba, kuma da aka kwantar da maikurogiliya na laka wannan ƙarin ya ɓace. Kafin nan, a 2013, ayarin De Koninck sun nuna cewa ƙarin jin zafi da mofin ke jawowa yana bin waccan hanyar ta P2X4 da BDNF da KCC2.

Ɓera ne, na yarda, kafin Likita Baffa ya tuna min. Amma ƙarin jin zafi bayan daɗewa ana shan irin waɗannan magunguna abu ne da aka sani a mutane, masu sa barci a tiyata sun san shi. Kuma a babban nazarin da Nanna Finnerup da abokanta suka fitar a 2015, tiramadol, wato tiramol, a sahu na biyu na magungunan ciwon jijiya aka sa shi, mofin da danginsa a na uku.

Likita Baffa:
A nan ba mu da saɓani, Malam Ɗanlami. Sai dai in ƙara cewa na sahun farkon ma ba abin alfahari ba ne. A nazarin nan da ka ambata, sai an ba mutum kusan 8 firegabalin kafin a samu ɗaya da ciwonsa ya ragu da rabi saboda maganin. Dangin amitiriftilin kusan mutum 4. Sannan firegabalin ɗin ma matasa sun gano shi, ya shiga jerin kayan maye.

Maman Ilham:
Ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, karatu nake ina ƙaruwa. Famasis ya ce "ɓeraye maza". Me ya sa sai maza? Mata ba sa jin ciwon ne?

Dakta Hajjo:
Allah ya yi miki albarka, ƙanwata, kin taɓo inda nake so a je. Shekara da shekaru yawancin masu binciken ciwo maza kawai suke amfani da su, da hujjar wai zagayowar sinadaran jikin mace za ta rikita sakamako. A 2015 Robert Sorge da Jeffrey Mogil na Jami'ar McGill a Montreal, tare da ɗakin Salter, suka maimaita gwaje-gwajen da maza da mata. Duka biyun sun kamu da ciwon daidai wa daida. Amma da aka ba su magungunan da ke kwantar da maikurogiliya, maza suka samu sauƙi, mata ko gezau. Alamu suka nuna cewa a matan wasu ƙwayoyin garkuwar ne daban ke aikin, ƙwayoyin T. Da aka gwada matan da aka haifa ba su da ƙwayoyin T, sai jikinsu ya koma amfani da maikurogiliya irin na maza. Haka ma idan aka ba mace sinadarin namiji, testosteron.

Abin lura, maikurogiliya na mata su ma suna ninkuwa bayan rauni. Makarɓar P2X4 ce ba ta ƙaruwa a jikinsu yadda take yi a maza. Daga baya an nuna cewa raguwar famfon KCC2 tana faruwa a duka biyun, wato hanya biyu ce ke kaiwa wuri ɗaya.

Ku duba abin takaicin: mata sun fi maza yawa a cikin masu fama da daɗaɗɗen ciwo a duniya, amma an gina bayanin a kan jinsin da ya fi ƙaranci a layin asibiti. Sai a 2016 hukumar da ke ba da kuɗin binciken lafiya a Amurka ta fara tilasta wa masu neman tallafi su yi la'akari da jinsi a tsarin bincikensu.

Maman Ilham:
Ikon Allah. Har a ɓera ma an bar mu a baya.

Likita Baffa:
Hajiya, a nan ma a yi hattara. Ba kowane ɗakin bincike ne ya ga wannan bambancin ba. Akwai waɗanda suka kawar da maikurogiliya gaba ɗaya ta hanyar sarrafa gado, suka ga ciwon ya ragu a maza da mata. Ya danganta da irin ɓeran, irin raunin, da yadda aka taɓa ƙwayoyin. Kada gobe wata ta ce likita ya ba ta maganin maza.

Dakta Hajjo:
Babu wanda ya ce a raba kantin magani gida biyu. Amma akwai aikin da aka yi da naman lakar mutane, na waɗanda suka bayar da sassan jikinsu bayan rasuwa, a Ottawa, aka fitar a 2022. Da aka zuba BDNF a kan naman, sauyin da ke sa jijiya ta yi saurin tashi ya bayyana a na maza, bai bayyana a na mata ba. Wannan kam mutum ne, Likita.

Likita Baffa:
Na karɓi wannan. Naman mutum a faranti, amma mutum ne.

Alhaji Na Maraɗi:
Salamu alaikum likitoci. Ni dattijo ne, jikana ya sa ni a zauren. Ina da ciwon suga ya daɗe. Tafin ƙafafuna da dare zafi kamar na taka garwashi, da rana kuma sai su mutu har takalmi ya fita ban ji ba. Ban faɗi ba, ba a yanke ni ba. Shin abin da kuke faɗa ya shafe ni?

Sista Uwani:
Sannu Baba, Allah ya ƙara afuwa. Suga idan ya daɗe yana sama yana cin ƙananan jijiyoyi a hankali, yana farawa daga mafi tsawo, shi ya sa yatsun ƙafa ke fara ji. Rauni ne shi ma, sai dai daga ciki. Don Allah Baba a riƙa duba tafin ƙafa kullum, ko jikan ya duba maka, a daina tafiya ba takalmi, a zazzage takalmi kafin a sa, kuma kada a gasa ƙafa da ruwan zafi ko a kusantar da ita ga wuta lokacin sanyi. Ƙafar da ba ta ji tana ƙonewa mai ita bai sani ba.

Dakta Hajjo:
Allah ya ba da lafiya, Baba. A ɓerayen da aka sa wa ciwon suga an ga waɗannan ƙwayoyin na laka sun tashi su ma. Amma abin da zai amfane ka yau shi ne ka gaya wa likitanka wannan bayanin yadda ka faɗa mana, da kalmominka: zafi da dare, mutuwa da rana. Akwai magungunan da aka tanada don irin wannan, dabam da farasitamol. Shi zai zaɓa, domin amitiriftilin ba kowane dattijo ya dace da shi ba, yana taɓa bugun zuciya, yana riƙe fitsari, yana sa jiri. In kana shan metfomin shekaru da yawa, ka roƙa a auna maka bitamin B12, ƙarancinsa ma yana kawo irin wannan.

Alhaji Na Maraɗi:
Na gode 'yata. Allah ya saka da alheri.

Ɗan Aji Huɗu:
Dakta, ni abin da ban gane ba, tunda akwai magungunan da ke share maikurogiliya gaba ɗaya a ɓera ta hanyar toshe makarɓar CSF1, me zai hana a yi wa wanda ya yi hatsari haka a makon farko, a huta?

Dakta Hajjo:
Tsuda ɗin nan da ya fara ɗora musu laifi a 2003, ɗakin bincikensa a Jami'ar Kyushu ne ya fitar da wani aiki a 2022 da ya dagula wannan tunanin. Sun gano wani rukuni na maikurogiliya masu alamar CD11c da ke bayyana bayan ciwon ya riga ya kama, bayan sun cinye tarkacen rigar kitse da ke lulluɓe jijiya. Waɗannan suna sakin wani sinadari mai suna IGF1, kuma su ne ke sa ciwon ya lafa. Da aka cire su, ɓeran bai warke ba. Da aka bari ya warke sannan aka cire su, ciwon ya dawo. Ka ga a ɓeran da ake ganin ya warke ciwon yana nan a danne, kuma waɗannan ƙwayoyin ne ke danne shi. In ka share duka, ka haɗa da su.

Haka abin yake a wajen laka. Idan jijiya ta yanke, ɓangaren da ya rabu da uwar ƙwayar yana ruɓewa, abin da Augustus Waller ya bayyana a kwaɗi tun 1850. Makurofej, wasu ƙwayoyin garkuwa masu shara, su ne ke zuwa su kwashe tarkacen, in ba su kwashe ba sabon zaren jijiya ba zai samu hanya ba, shi da yake tafiyar kusan milimita 1 a rana. Amma su ɗin dai, idan suka taru a ƙullin jijiya da ke gefen ƙashin baya, suna taimakawa wajen kunna ciwon da riƙe shi. Ayarin Basbaum sun nuna hakan a 2020, a maza da mata.

Famasis Ɗanlami:
Wannan ya tuna min da binciken McGill na 2022 a kan masu sabon ciwon baya. Waɗanda suka warke cikin wata 3, jininsu ya nuna garkuwarsu ta tashi da ƙarfi da farko sannan ta sauka. Waɗanda ciwon ya zauna musu ba su nuna wannan tashi da saukar ba. A ɓeraye kuma, ba da dekzametason ko diklofenak da wuri ya rage zafi nan take amma ya tsawaita shi.

Likita Baffa:
Wannan binciken ya jawo surutu sosai, kuma ba gwaji ne da aka raba marasa lafiya gida biyu aka ba wasu aka hana wasu ba. Kada wani ya karanta nan ya hana mai karaya maganin zafi. Kuma akwai inda danne garkuwa shi ne ceton jijiyar. Mai kuturta idan jijiyarsa ta kumbura tana zafi, hannu ya fara rauni, firednisolon ake ba shi da gaggawa, in aka yi jinkiri yatsu su ƙandare.

Abu Fiziyo:
To Dakta, tunda matsalar minosaikilin ita ce mutane ba sa zuwa kafin rauni, ai akwai raunin da ake sanin ranarsa. Tiyata. Yanke ƙafa, cire nono, buɗe ƙirji, duk ana taɓa jijiya, kuma an san wasu suna ƙarewa da ciwon da ba ya tafiya. Me zai hana a ba su tun daren jajibiri?

Dakta Hajjo:
Nan ne ya kamata a fi sa ido, na yarda da kai.

Likita Baffa:
An gwada ai. A Faransa, aka fitar a 2013. Masu zuwa tiyatar faifan ƙashin baya aka raba gida biyu, wasu minosaikilin tun kafin a shiga da su har kwana 8, wasu ƙwayar da babu magani a ciki. Bayan wata 3 ciwon ƙafarsu bai bambanta ba. Magungunan da ke toshe p38, wani makunni da ke cikin maikurogiliya, su ma an kai su ga mutane. Ɗaya ya nuna ɗan sauƙi a ƙaramin gwaji, ɗayan, losmafimod, bai fi ƙwayar banza ba.

Dakta Hajjo:
Wanda zai shiga tiyatar faifai ai jijiyarsa ta daɗe a matse, shi ya kawo shi asibitin. Ba a riga raunin ba, an dai riga wuƙar. Sannan minosaikilin maganin ƙwayoyin cuta ne da ke taɓa abubuwa barkatai, ba a ƙera shi don wannan aikin ba. Gwajin da zai gamsar da ni shi ne a mutanen da jijiyarsu lafiya lau take kafin tiyata, da maganin da ke zuwa kan P2X4 ko KCC2 kai tsaye, kuma a ƙirga maza daban mata daban tun daga tsarin farko.

Likita Baffa:
Ranar da aka yi shi ya fito da kyau, ni zan fara rubutawa. Kafin nan abin da ke hannuna shi ne in lallaɓa jijiya lokacin tiyata, in tura mai fizgewar jijiyar kafaɗa wurin masu ɗinkin jijiya cikin watannin farko kafin tsoka ta shanye, in kuma daina cewa mutum "hotonka lafiya lau" kamar na sallame shi.

Sista Uwani:
Ni kuma roƙona ga masu kyamis da masu yin allura a gida: ƙaramin yaro a cinya ake masa, ta gaba wajen gefe. Babba in dole sai ɗuwawu, a raba shi huɗu a soka a na sama ta waje. Yaro ya yi zazzaɓi a danne shi yana wutsil-wutsil a caka masa a tsakiya, gobe ƙafa tana ja, a ce shan inna ce.

Abu Fiziyo:
Sista, waɗannan su ne rabin yaran da ke layinmu ranar asibitin yara. Dakta, tambaya ta ƙarshe daga ni. Muna yi wa masu jin zafin taɓawa horon sabo, mu fara da auduga, mu koma tawul, mu koma abu mai kaushi. Akwai alaƙarsa da waɗannan ƙwayoyin?

Dakta Hajjo:
Na motsa jiki an auna: ɓerayen da aka bari suna gudu a kan keke ko injin tafiya, tashin maikurogiliya a lakarsu ya ragu, ciwon ma ya ragu, har da waɗanda suka yi gudun makonni kafin a ji musu raunin. Ku ci gaba da auduga da tawul ɗinku, ku ƙara musu da tafiya gwargwadon abin da jiki zai ɗauka. Ɗan Aji Huɗu, tunda kai ka fara kawo Río-Hortega, kai za ka kawo mana bayanin astirosayit ranar Asabar.

Ɗan Aji Huɗu:
Dakta ina da jarrabawa ranar Litinin fa.

Dakta Hajjo:
To Asabar ta sama.